Peugeot 504 da tsatsa ta ci: a farfaɗo da ita, a sauya mata bodi, ko a rabu da ita?

A gidaje da yawa na Kaduna da Zariya da Kano, har zuwa Maraɗi da Damagaram, za ka tarar da wata tsohuwar mota ajiye a bayan gida ko ƙarƙashin darbejiya, tayoyinta sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Galibi Peugeot 504 ce, wadda muka fi sani da Fijo, kuma galibi ta mahaifi ce da ya rasu ko ya manyanta har ya ajiye tuƙi. Wata rana ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan yakan samu ɗan hali, ya tsaya ya ƙare mata kallo, ya fara tunanin mayar da ita kan titi yadda ya san ta yana yaro. Wannan bayani na wanda ya kai wannan gaɓar ne, musamman idan ya riga ya leƙa ƙarƙashin motar ya ga tsatsa ta yi mata mummunan ci, yana son ya san ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu kafin ya kira janwe.

Na ɗauki 504 ne domin ita ce tsohuwar motar da ta fi shiga rayuwarmu. An fito da ita a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, kuma ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Turai ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Duk da haka mai tsohuwar Marsandi ko Datsun zai iya auna tasa motar da ma'aunan nan ba tare da ya canza komai ba.

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko, wanda sauran ke rataye a kansa, shi ne inda tsatsar ta kai. Mutane sukan fara da tambayar ko injin yana tashi, alhali injin 504 abu ne da ake saye a kasuwa a ɗaura cikin kwana biyu, bodi kuwa ba haka yake ba. Salun da wagon na 504 ba su da shasi mai zaman kansa da aka ɗora bodi a kai. Bodin ne shasin: daɓen motar, da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi waɗanda za mu kira dokin ƙofa, da ginshiƙan da ke riƙe da rufi, su ne ke ɗauke da inji da giya da fasinja. Fallen ƙarfen ƙofa da fenda bai cika wuce kaurin milimita 1 ba, ƙarfinsa daga lanƙwasa da haɗi yake zuwa, kamar yadda kwali ke ɗaukar kaya muddin kusurwoyinsa ba su jiƙe ba.

Tsatsa tana kama ƙarfe idan ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana ƙara mata sauri. Idan ta kama sai ta kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take ɗaga fenti, take kuma buɗe bakin inda aka haɗa falle biyu. A wuraren da ke rufe, irin su cikin dokin ƙofa, daga ciki take farowa, don haka ƙurjin da ka gani a jikin fenti yana nufin ta riga ta huda ta fito. Motocin wancan zamani ba a lulluɓe bodinsu da tutiya ba. Porsche ta fara yi wa 911 haka a tsakiyar shekarun 1970, Audi ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, sauran kamfanoni suka bi sahu sannu a hankali.

Tarihin motar yana faɗa maka rabin labarin. Wadda ta yi zamanta a Legas ko Fatakwal ko Kwatano ta sha iskar teku, wadda aka shigo da ita daga Turai ta sha gishirin da ake barbaɗa wa tituna lokacin ƙanƙara. Ta Arewa ta fi samun sauƙi saboda rani ya fi damina tsawo, amma tana da nata abokan gaba: ganyen bishiya da ke toshe magudanar ruwan da ke ƙasan gilashin gaba, robar gilashi da rana ta busar har ruwan sama ya shiga ya kwanta ƙarƙashin kafet, ruwan batir da ke ɗiga kan mazauninsa, da kuma takin zamani ko gishiri ko fitsarin tumaki a bayan wagon da aka yi kasuwanci da ita.

Binciken ba ya bukatar fiye da tocila da sukudireba da ɗan maganaɗisu. A cire kujeru da kafet, a kwashe abin da ke cikin but, a ɗaga motar a shiga ƙarƙashinta. A soki dokin ƙofa daga gaba zuwa baya, da wuraren sa jak, da saman mazaunin shokazoba na gaba a cikin bonet, da inda ƙafafun baya suka kama bodi, da inda bel ɗin kujera ya ɗauru, da kewayen gilashin gaba. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, fila ce a wurin, wato kwaɓin da masu fenti ke cike lotsawa da shi. A kuma buɗe ƙofofi a rufe: idan suna goga ko tazararsu ta sama ta bambanta da ta ƙasa, mai yiwuwa bodin ya fara lotsawa. Abin da za a gani kashi uku ne. Akwai tsatsar fuska da sanfefa ke kankarewa a tarar da farin ƙarfe, akwai wadda ta fara ɓarewa tana barin ƙananan ramuka, akwai wadda sukudireba ke wucewa ta cikinta. Huda a fenda ko ƙofa ba abin tayar da hankali ba ne, domin ana kwance su a ɗaura wasu. Huda a wurin da ke ɗauke da nauyi ita ce magana. A Birtaniya, masu duba lafiyar mota suna kayar da duk wadda ƙarfenta ya ruɓe a cikin tazarar santimita 30 daga inda sitiyari ko ƙafa ko birki ko bel ya kama, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ko ga wanda ba doka ce ta tilasta masa ba.

Ma'auni na biyu kuɗi ne, kuma lissafinsa ɗaya ne tak. A nemi farashin 504 mai lafiya irin wadda ake fatan samu a ƙarshe, a cire abin da za a ba ka idan ka sayar da taka a yadda take, abin da ya rage shi ne iyakar abin da gyara zai ci ba tare da asara ba. A ƙaddara, don misali kawai, cewa mai lafiya naira miliyan 5 ce, taka kuma an taya ta 600,000. Tazarar miliyan 4.4 ce. Idan ƙiyasin mai walda da mai fenti da bakanike da rewaya da mai ɗinkin kujeru ya haɗu ya kai miliyan 4, kada a yi murna tukuna, domin ƙiyasin da aka yi kafin a tuɓe mota ƙiyasin abin da ido ya gani ne. Ni rabi nake ƙarawa a kai, kuma da wannan ƙarin misalin namu ya zama miliyan 6.

Sauran ma'aunan gajeru ne. Ƙarko: damina nawa aikin zai gani kafin tsatsa ta dawo. Sauƙi: ko akwai ma'aikacin da ya iya, da kayan gyara, da wurin da motar za ta zauna a rufe. Haɗari: na rai a kan hanya, na takardu, da na aikin da zai tsaya a rabi. Akwai kuma abin da ba ya hawa sikeli, wato ko wannan motar ce takamaimai kake so ko kuwa kowace 504 za ta biya maka bukata. Idan motar tana cikin gado, a fara yi mata ƙima a gaban magada a biya kowa haƙƙinsa kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya, domin motar da babu wanda ya kula da ita tana ƙarƙashin bishiya takan sami masu ita da yawa ranar da ta fito daga wurin fenti.

Zaɓi na ɗaya: cikakken gyara

A nan ana tuɓe motar ne har ya rage ƙarfe zalla. A cire inji da giya da ƙafafu da gilasai da wayoyi da tankin mai, a kankare fenti, a yanke duk inda ya ruɓe har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a ƙera sabon falle mai kauri ɗaya da na asali a haɗa shi baki da baki. Kafin a yanke dokin ƙofa dole a tokare bodin da sandunan ƙarfe ta cikin ƙofofi, in ba haka ba zai karkace, kuma bodin da aka yi wa walda a karkace ƙofofinsa ba za su sake rufuwa daidai ba. Bayan walda sai fentin share fage mai hana ruwa, sai toshe bakin haɗi, sai fenti, sai a fesa kakin hana tsatsa a cikin duk wani rufaffen lungu.

Ta fuskar kuɗi wannan ne mafi tsada, da nisa. Ƙarfen kansa ba shi da tsada, lokacin ma'aikaci ake saye, kuma aikin na ɗaruruwan sa'o'i ne. A nan muna da wata dama da Bature ba shi da ita, domin ladan aiki a wurinmu bai kai nasu ba. Sai dai damar tana da iyaka. Fenti mai kyau da robobin gilashi da na ƙofa da fitilun gaba masu siffar nan ta musamman da ƙarafan ado, yawancinsu daga waje suke zuwa, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a cikin 2024. Mai gyara a Nijar ya fi samun natsuwa ta wannan fanni, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Kayan inji da birki da kuloci kuwa ba su da wuya, ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Abin da ya ɓace a nan ana nemansa a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci a Faransa, ciki har da sashen adana tarihi na kamfanin da ke Sochaux.

Ƙarkonsa ya fi na kowa idan an yi shi yadda ya kamata, domin motar tana fitowa da kariyar da ba ta samu ba a masana'anta. Matsalar tana ga samun wanda zai yi shi yadda ya kamata. Yawancin masu gyaran bodi a garejojinmu sun ƙware ne a miƙar da abin da ya lotse a hatsari, wanda sana'a ce dabam da ƙera dokin ƙofa daga fallen ƙarfe. Waldar gas da aka fi amfani da ita tana zafafa wuri mai faɗi har siririn falle ya murɗe, waldar lantarki ta masu ƙofar gida tana huda shi, liƙi da tagulla kuma bai dace da wurin ɗaukar nauyi ba. Waldar MIG, wadda ke narkar da siririyar waya a cikin lulluɓin gas, ita ce ta fi dacewa, ita kuma tana son tsayayyar wuta da tukunyar gas ta musamman. Feshin yashi yana tona asirin tsatsa sarai, amma a hannun wanda bai iya ba yana lanƙwasa rufi da bonet. Wani dattijon mai walda ya taɓa gaya mini cewa shi ba ya yanke farashin tsohuwar mota sai ya gan ta tsirara, kuma wanda duk ya yanke kafin nan ko dai bai san aikin ba, ko bai yi niyyar yin sa ba. Har yau da wannan magana nake tantance ma'aikaci.

Babban haɗarin wannan zaɓi shi ne tsayawar aiki. Kuɗi su ƙare bayan an tuɓe mota, ta zauna a filin gareji damina biyu ba fenti, ƙananan kayanta da aka zuba a buhu su riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har ta koma ba ta kai darajar da take da ita ranar da aka kawo ta ba. Maganinsa a biya kuɗi mataki mataki bayan an ga aiki, a ɗauki hoton kowane gyara kafin a rufe shi da fenti, a kuma kai ƙananan kaya gida a kulle. Akwai haɗarin lafiya ma: ƙurar tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, tsofaffin takalman birki da farantin kuloci na iya ƙunsar asbesto, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, kuma ba a kunna wutar walda sai an cire tankin mai an kai shi nesa.

Shin kuɗin yana dawowa? Ga salun da wagon da aka ƙera da yawa, kusan a'a. An yi 504 sama da miliyan 3, kuma mai saye ba ya biyan abin da ka kashe, abin da irinta ke yi a kasuwa yake biya. Masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen rufi, waɗanda aka fito da su a 1969 kuma kamfanin Pininfarina ya ƙera bodinsu a Italiya, su ne ke da tsada a Turai har gyaransu zai iya zama jari. Labarin 504 ƙirar 1977 ta tsohon shugaban Iran Mahmud Ahmadinejad, wadda aka yi gwanjonta a 2011 a kan wajen dala miliyan 2.5, kada ya ruɗi kowa, domin sunan mai ita aka saya.

Zaɓi na biyu: gyaran ƙashi, a bar fuska

Wannan shi ne a gyara wuraren da ke ɗauke da nauyi da ingantacciyar walda, a sabunta bututun birki da na mai da tayoyi da wayoyi, a kashe tsatsar fuska da sinadarin da ke mai da ita baƙa a shafa mata kariya, sannan a bar tsohon fenti da kujeru a yadda suke. Motar za ta fito da tabonta, amma za ta tsaya idan an taka birki, kuma ba za ta rabe biyu a rami ba.

Kuɗinsa ya yi ƙasa da na farko sosai, saboda fenti da kayan ado su ne ke cinye kaso mai yawa na cikakken gyara, kuma ana iya yin sa kashi kashi motar tana aiki. Ƙarkonsa ya dogara da kulawa. Sai an ajiye ta a rumfa, ana wanke laka daga ƙarƙashinta bayan damina, ana duba ta kowace shekara. Wasu kan shafa baƙin mai a ƙasan mota, kuma gaskiya yana rage saurin tsatsa, sai dai yana lalata roba, yana tara ƙura, kuma duk ranar da za a yi walda ko fenti a wurin sai an sha wahalar wanke shi. Sharaɗin wannan zaɓi shi ne ruɓewar ta tsaya a wurare ƙalilan da za a iya ƙirgawa. Idan dokin ƙofa biyu da daɓe da mazaunin shokazoba duk sun tafi, an koma zaɓi na ɗaya ko ana so ko ba a so.

A ganina wannan hanya ta fi mutunta motar gado, domin sitiyarin da hannun mahaifi ya goge da kujerar da ta lotsa a inda yake zama su ne abin da ake son tunawa, kuma cikakken gyara yana share su. Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Legas da ramukan harsashinta, kuma da an toshe su an yi mata fenti da babu abin da ya rage a je a gani.

Zaɓi na uku: sauya bodi

Idan inji da giya da kayan ciki suna da kyau, bodin ne kawai ya mutu, ana iya neman wata 504 mai lafiyayyen ƙarfe wadda injinta ya buga, a kwashe kayan taka a mayar cikinta. Aikin na sifana ne, kuma duk wani tsohon bakaniken Fijo ya iya shi. Kuɗinsa matsakaici ne, kuma ya fi na walda tsayawa a kan ƙiyasi, tunda abin da za a yi a fili yake. Ƙarfen masana'anta da bai taɓa ruɓewa ba ya fi kowane faci, don haka ƙarkonsa mai kyau ne idan an fesa masa kariya kafin a haɗa. A tabbatar bodin da aka samo na irin ƙirar taka ne, saboda motar da aka ƙera kusan shekaru 40 ana yi mata canje canje, kuma ƙafafun baya na wagon ba irin na yawancin salun ba ne.

Haɗarinsa a takardu yake. Lambar shasi a jikin bodi take, don haka a idon hukuma motar da ta fito ita ce wadda aka saya, ba ta mahaifinka ba. Dole a saye ta da cikakkun takardu da shaidar sauya mallaka, a kuma je ofishin lasisi a gyara lambar inji. Yanke lambar tsohuwar a liƙa wa sabuwar laifi ne, kuma bodi mai araha da ba shi da takarda yana iya zama na sata.

Zaɓi na huɗu: a sayar, a sayi mai lafiya

Wannan ya fi kowanne sauri, kuma a yawancin lokuta ya fi araha idan aka yi lissafin ƙarshe. Kada dai a yi gaggawar kiran 'yan gwangwan, waɗanda za su auna motar mai nauyin wajen kilo 1,200 su biya kuɗin ƙarfe. Giya da gilasai da fitilu da ƙarafan ado, idan aka sayar da su ɗai ɗai ga masu bukata, sukan fi gawar motar gaba ɗaya kawo kuɗi, ko kuma a riƙe su a matsayin ajiya ga wadda za a saya. Haɗarin shi ne a yi gudun gara a faɗa gidan zago, wato a sayi wadda aka rufe wa ruɓa da sabon fenti. Tocilar nan da maganaɗisun nan su za a riƙa zuwa wurin ciniki, kuma tsohon fenti mai dusashewa ya fi sabo mai ƙyalli kwantar da hankali.

Abin da ba zaɓi ba ne, amma shi aka fi yi

Wani ɗan'uwana ya kai 504 ta mahaifinsa wani gareji, aka yi masa farashi mai daɗi, cikin mako uku ta dawo fara tas kamar ranar da ta bar Kakuri. An cusa ragar waya da guntun kwano a ramuka, an shafe da fila, an fesa fenti. Fila tana shan ruwa, kuma an yi ta ne don daidaita ƙaramin lotsawa na milimita kaɗan a kan lafiyayyen ƙarfe. Bayan damina ta biyu ƙuraje suka feso a gindin ƙofofi. Ranar da taya ta yi faci muka sa jak, muna murzawa motar ba ta ɗagawa, da muka leƙa sai muka ga kan jak ɗin ya shige cikin dokin ƙofa kamar yatsa a cikin ƙosai, jan gari yana zubowa a ƙasa. Da wannan motar ya yi ta ɗaukar iyalinsa zuwa gida sallah. Kuɗin da ya biya sun tafi, kuma mai waldar da ya karɓi aikin daga baya sai da ya caje shi ladan fasa filar kafin a fara maganar gyara.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Cikakken gyara | Mafi yawa, yakan wuce ƙiyasi | Mafi tsawo idan aikin ya yi kyau | Mai wuya, watanni da yawa | Aiki ya tsaya a rabi |
| Gyaran ƙashi kawai | Kaɗan zuwa matsakaici | Matsakaici, sai da kulawa | Ana yin sa kashi kashi | A tsallake ɓoyayyar ruɓa |
| Sauya bodi | Matsakaici | Mai tsawo | Mai sauƙi idan an samu bodi | Takardu |
| Sayarwa a sayi wata | Galibi mafi ƙaranci | Gwargwadon wadda aka saya | Mafi sauƙi | Sayen mai ɓoyayyen ciwo |
| Fila da fenti | Kaɗan da farko, sannan a sake biya | Damina ɗaya ko biyu | Makonni | Rai |

Wanne ya dace da wa?

Wanda ke neman motar zuwa aiki da kai yara makaranta, babu ɗaya daga cikin gyare gyaren nan da ya dace da shi. 504 mai kafireta tana shan wajen lita 10 zuwa 12 a kilomita 100, farashin man fetur kuma ba shi ne na kafin janye tallafi a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023 ba, sannan ba ta da jakar iska ko birkin da ba ya kullewa. Ya sayar, ya ƙara kuɗi ya nemi ta zamani.

Wanda sha'awar 504 kawai ke damunsa, ba lallai sai wannan ba, ya bi zaɓi na huɗu, ya kashe lokacinsa wajen neman wadda ta yi zamanta a busasshen gari a cikin rumfa. Idan tasa tana da inji mai kyau kuma ya san bakaniken da ya amince da shi, na uku zai iya fi masa sauƙin aljihu. Mai niyyar gyarawa ya sayar don riba ya janye hannunsa, sai fa idan abin da ke gabansa mai ƙofa biyu ce ko mai buɗaɗɗen rufi, kuma takardunta sun cika.

Wanda motar ta mahaifinsa ce, kuma sukudireba ta wuce a wuri biyu ko uku kacal, zaɓi na biyu nasa ne. Idan ruɓar ta game daɓe da dokin ƙofa da mazaunin ƙafafu, amma zuciyarsa ta ƙi sakin motar, cikakken gyara halal ne a gare shi bisa sharaɗi uku: magada sun sallama masa, ya ga wata mota da ma'aikacin ya gyara shekaru uku da suka wuce ya kuma leƙa ƙarƙashinta da idonsa, sannan kuɗin da zai zuba rara ce da ba ya jiran dawowarta. Wanda kuɗin ba su samu ba tukuna, ya janye motar daga ƙarƙashin bishiya zuwa rumfa mai daɓen siminti, ya cire kafet da batir, ya share magudanan ruwanta, ya ɗora ta a kan katako, ya bar gilasai a ɗan buɗe don iska ta riƙa ratsawa. Kada ya lulluɓe ta da leda, domin leda tana tara gumi a kan ƙarfe.